Wane injin walda ya dace da mai son gyara motarsa a gida?

"Ina da tsohuwar mota wadda tsatsa ta fara ci a ƙasan ƙofofi da ƙarƙashin kujerar direba, salansa ma ta tsage a wuri biyu. Ina so in koyi walda in riƙa yin irin wannan gyara da kaina a gida, amma ban taɓa riƙe injin walda ba. Na ga mai sanda, na ga mai waya da gas, na ga mai waya ba gas, kuma kowane mai sayarwa nasa yake yabo. Wani ya ce in sayi mai amfiya 250 domin ya fi ƙarfi. Da wanne ya kamata in fara?"

Malam, idan na fahimce ka daidai, kana neman injin da zai bar wanda bai taɓa walda ba ya toshe rami a fallen ƙarfe marar kauri ba tare da ya ƙara wa ramin faɗi ba. Amsata ita ce ka nemi injin MIG mai aiki da waya da gas, wanda wutarsa ke sauka har zuwa amfiya 30 ko ƙasa da haka, wanda kuma yake turo waya ba gargada. Shawarar da aka ba ka ta neman mai amfiya 250 shawara ce ta mai ƙera ƙofar gida ko tirela, kuma ta dace da aikinsa, amma aikin mota ta wani gefen yake buƙatar inji.

Kaurin ƙarfen da za ka yi aiki a kai

Komai daga nan yake farawa. Fallen da aka yi bodin yawancin motoci da shi, wato ƙofa da rufi da murfin inji da gefen taya, kaurinsa tsakanin milimita 0.7 ne zuwa 1. Ƙasan mota da sandunan da ke ƙarƙashin ƙofofi sukan kai milimita 1 zuwa 2, shasin motar ɗaukar kaya kuwa yakan kai 3 ko 4. Masu walda suna da wani lissafi na kusa-kusa da suke farawa da shi, cewa kowace milimita ɗaya ta ƙarfe tana buƙatar kimanin amfiya 40. Idan ka bi wannan lissafi, fallen milimita 0.8 yana son amfiya 30 zuwa 35 ne kawai, ƙarfen milimita 3 kuma kimanin 120. Ka ga ke nan babu wani wuri a jikin ƙaramar mota da zai nemi amfiya 250, alhali kusan duk aikin da ka lissafa yana can ƙasan ma'aunin inji ne. Injin da ƙaramar wutarsa ta tsaya a amfiya 50 ko 60 zai riƙa huda maka falle komai ƙwarewarka, domin ba shi da wurin da zai sauka. Saboda haka idan ka tsaya gaban inji, ƙaramin adadin da aka rubuta a jikinsa za ka fara dubawa, duk da cewa babban adadin ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe.

Akwai kuma abin da tsatsa ke ƙarawa. Fallen da ya fito daga masana'anta da milimita 0.8, bayan tsatsa ta ci shi daga ciki, yana iya komawa rabin haka a kewayen ramin da kake gani, ko da fentin waje yana nan da kyau. Irin wannan ƙarfe ba ya ɗaukar walda da kowane inji, sai an yanke shi har an isa inda ƙarfe yake fari, mai kaurinsa na asali.

Dalilin da ya sa ban zaɓa maka sanda ba

Injin sanda shi ne mafi sauƙin samu da sauƙin ɗauka, ba ya buƙatar gas, iska ba ta dame shi, kuma a kan ƙarfe mai kauri yana yin aikin da babu abin kushewa. Da shi na koyi walda, kuma har gobe shi nake jawowa idan aikin ya haura milimita 3 ko a fili ake yinsa. Amma a kan bodin mota wahala ce tsantsa. Sandar walda mai lamba 6013 mai kaurin milimita 2.5, wadda aka fi amfani da ita, tana son amfiya 60 zuwa 90 kafin ta ci da kyau, wanda ya ninka abin da falle zai iya jurewa. Akwai sanda mai milimita 1.6, sai dai tana lanƙwasa, tana manne wa ƙarfe, kuma riƙe tazarar bakinta da ƙarfe yana buƙatar hannun da ya daɗe a sana'a. Na tuna ranar da na fara gwada toshe ƙasan wata mota da sanda: ramin da bai wuce faɗin yatsa biyu ba, kafin in ajiye sandar ya isa tafin hannu, kuma sai da na yanke wurin gaba ɗaya na sake yanko faci. Na san ƙwararru da ke iya yi, ta hanyar ɗiga wuta suna ɗagawa, amma shekaru ne suka ba su wannan, kai kuma kana neman abin da za ka fara da shi ne.

Waya marar gas

Wannan shi ne ya fi jan hankalin masu farawa, kuma na fahimci dalili, tunda babu silinda, babu zuwa cike gas. Wayarsa bututu ce ƙarama da aka cusa wani gari a cikinta, garin ne ke ƙonewa ya kare narkakken ƙarfe daga iska. Matsalarta a mota ita ce tana ci da zafi, tana nutsewa cikin ƙarfe fiye da waya zalla, kuma mafi siririyar da aka saba samu milimita 0.8 ce. Tana yawan tartsatsi da hayaƙi, sannan tana barin ɓawo a kan kowane ɗigo. Wannan ɓawon shi ne babban cikas, domin waldar falle ɗigo-ɗigo ake yinta, kuma duk ɗigon da ka ɗora a kan ɓawon da ba a goge ba zai rufe datti a cikin ɗinkin, daga baya tsatsa ta fito ta ƙarƙashin fenti. Daga milimita 1.5 zuwa sama tana yin aiki mai kyau, kuma a waje inda iska ke kaɗawa ta fi gas. Don haka ba na hana ka samun ta, abin da nake hana ka shi ne sayen injin da ita kaɗai yake iya ci. Ka nemi wanda ke karɓar duka biyu, kuma ka tabbata ana iya juya wayoyin wutarsa, saboda waya zalla da gas tana son bindiga, wato abin da ake riƙewa a hannu waya na fitowa ta bakinsa, ta kasance a kan alamar tarawa (+), yawancin waya marar gas kuma a kan alamar ɗebewa (-). Da yawa daga masu kukan cewa injinsu ba ya walda da kyau wannan juyin ne ba su yi ba.

Waldar TIG, wadda ake yi da tsinken da ba ya narkewa da gas ana ƙara waya da ɗaya hannun, ita ce mafi tsabta, kuma tana sauka zuwa wuta kaɗan ƙwarai, amma hannu biyu take buƙata, wani lokaci har da ƙafa, tana son ƙarfe mai tsabta kamar madubi, kuma ba a jin daɗinta a kwance ƙarƙashin mota. Ka bar ta zuwa inji na biyu. Waldar harshen wuta, wadda tsofaffin masu gyaran bodi suka ƙware a kai, tana baza zafi da faɗi har falle ya murɗe, sannan ajiye silindar asitilin da ta oksijin a gida haɗari ne da ban ga dalilin ɗaukarsa ba ga mai koyo.

Abin da za ka duba a injin MIG

A MIG, inji ne ke turo waya ta cikin bindiga da zarar ka danna kunama, gas kuma yana fitowa ya lulluɓe wurin da ke narkewa. Hannu ɗaya ya isa, ɗayan kuma ka tallafe bindigar da shi, babu ɓawon da za a kankare, kuma kana iya ɗiga wuta na daƙiƙa ɗaya ka saki. Wannan ikon ɗigawa da saki shi ne sirrin waldar falle.

Bayan ƙaramar wuta da na ambata, babbar wutar da ta kai amfiya 140 zuwa 180 ta ishe ka duk abin da za ka taɓa a mota, har da ƙera teburin aiki. Abu na gaba, wanda a ganina ya fi kowane adadi muhimmanci, shi ne sashen da ke turo waya. Ka buɗe murfin gefe ka duba: idan gidan tayoyin da ke matse waya na ƙarfe ne, alama ce mai kyau, idan roba ce mai laushi da ƙaramin mota kamar na abin wasan yara, ka yi hattara. Na taɓa fama da wani inji mai araha wanda wayarsa ke fitowa tana tsayawa, na kwashe makonni ina zargin hannuna, sai da na gwada injin wani abokin aiki na gane cewa laifin ba nawa ba ne. Mai koyo ba shi da hanyar bambance kuskurensa da na inji, shi ya sa inji marar kyau ya fi cutar da shi fiye da ƙwararre. Ka duba kuma cewa tayar tana da ramin waya mai milimita 0.6 da na 0.8, domin 0.6 ita ce ta falle, 0.8 kuma ta shasi da maƙalai. Wayar da za ka nema ita ce mai lamba ER70S-6, kuma ya fi kyau injin ya iya ɗaukar naɗi mai kilo 5.

Bindigar ta kasance mai cirewa, irin mahaɗin da ake kira na Turai, domin bindiga ita ce ke fara lalacewa, kuma wadda aka ɗaure ta cikin inji tana da wuyar sauyawa. Ka tambaya ko ana samun bakin bindiga da kan tagulla da bututun da waya ke bi a inda kake, tunda waɗannan suna cinyewa kamar yadda takalmin birki ke cinyewa. Kamfanoni irin su Lincoln Electric da Miller da ESAB da Kemppi da Fronius sun yi suna, amma ban ce dole sai nasu ba. Inji mai matsakaicin suna wanda ake samun kayansa da mai gyaransa kusa da kai ya fi babban suna da za ka jira wata uku kafin a kawo maka ƙaramin abu.

Za ka tarar da injin MIG iri biyu, mai taransifoma da mai inbata. Na farko yana da nauyi, yana da juriya, gyaransa da sauƙi, amma yawanci wutarsa mataki-mataki ce, huɗu ko shida, kuma sau da yawa abin da falle ke so yana faɗawa tsakanin mataki biyu. Mai inbata ba shi da nauyi, ba ya shan wuta da yawa, kuma ana murɗa wutarsa a hankali har a sami daidai. Wasunsu ma kaurin ƙarfe da girman waya kawai za ka faɗa musu, su zaɓi wuta da gudun waya da kansu, wanda taimako ne babba ga mai farawa muddin an bar maka damar ƙarawa ko ragewa da hannu. Ni mai inbata nake ba mai koyo shawara, tare da sanin cewa allon da ke cikinsa ba ya son ƙurar ƙarfe, don haka kada ka yi gurza kusa da shi yana kunne.

A jikin kowane inji na kirki akwai tebur da ke nuna tsawon lokacin da zai yi aiki kafin ya nemi hutu. Ana auna shi cikin minti 10, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta injinan walda, IEC 60974-1, ta ce a yi awon a yanayi mai zafin digiri 40 na Celsius. Idan aka rubuta kashi 30 cikin ɗari a amfiya 150, ma'anarsa minti 3 na aiki, minti 7 na hutu. Kada wannan ya tsorata ka. A amfiya 40 kusan kowane inji zai wuni yana aiki, kuma kai da kanka za ka fi injin tsayawa, domin falle yana buƙatar ya huce.

Gas da wutar gida

Gas ɗin da ya fi dacewa da ƙarfen mota shi ne gaurayen argon da CO2. A Amurka an fi amfani da kashi 75 da 25, a Turai kuma za ka ga 80 da 20, ko mai CO2 kashi 5 kacal domin falle. CO2 zalla ma tana aiki, sai dai ta fi zafi da tartsatsi. Argon zalla ta alminiyam ce da TIG, ba ta dace da ƙarfe a MIG ba. Lita 8 zuwa 12 a minti ɗaya ta isa a cikin gareji, idan kuma a waje kake sai ka kafa abin da zai tare iska, in ba haka ba ɗinkin zai fito da ƙananan ramuka kamar soso. Ƙananan silindar da ake jefarwa bayan sun ƙare ba sa daɗewa ko kaɗan, ka nemi wadda ake sake cikawa, kuma ka binciki inda za a cika maka tun kafin ka sayi injin.

Ka kuma duba wutar gidanka. Inda wuta take folt 230, layi mai amfiya 16 yana ɗaukar irin injin da na bayyana. Inda take folt 120, injunan da ke shiga soket na gida sukan tsaya a wajen amfiya 140, kuma hakan ma ya ishi mota. Idan za ka ƙara wayar jawo wuta daga soket, ta kasance mai kaurin milimita 2.5 murabba'i aƙalla, a warware ta gaba ɗaya, kada ta yi tsawo. Idan da janareto za ka yi aiki, ka bi girman da littafin injin ya faɗa, kuma ya kasance mai daidaita wuta, domin hawa da saukar wuta na ƙona allon inbata.

Motar kanta

Nan ne nake so ka fi natsuwa, domin mota ba teburin walda ba ce. A bayan kusan kowane falle akwai abin da ke kamawa da wuta: kafet, soso, wayoyin lantarki, baƙin man da ake shafawa a ƙasa, bututun mai da na birki. Wurin da ka ambata, ƙarƙashin kujerar direba, sau da yawa bututun mai ko na birki na bi ta kusa da shi. Ka cire kujera da kafet, ka leƙa ɗaya gefen da fitila kafin ka danna kunama, ka kankare abin da aka shafa aƙalla faɗin tafin hannu daga wurin ɗinki. Wata rana ina walda a ƙasan wata mota, soson da ban gani ba a cikin sandar ƙofa ya kama, kuma ban sani ba sai da hayaƙi ya fito ta wani rami can nesa da inda nake aiki. Tun daga ranar ba na fara walda sai abin kashe gobara yana kusa da hannuna, kuma ba na barin mota sai na zauna da ita rabin awa bayan ɗigo na ƙarshe. Tankin mai kuwa kada ka kusance shi da wuta ko da babu komai a ciki, domin tururin da ya rage shi ne ke fashewa.

Ka cire kan batir, ka fara da na alamar ɗebewa, sannan ka maƙala wayar da wuta ke komawa ta cikinta a kan ƙarfe mai tsabta kusa da inda kake walda, domin kada wutar ta nemi hanya ta cikin kwamfutar mota ko boris. Mota mai lantarki ko mai haɗa lantarki da fetur tana da batir mai ɗaruruwan folt, kuma ba ta mai koyo ba ce.

Ka ware wani abu daga abin da ka tanada domin hular walda mai duhunta kanta, wadda ake iya saita ta daga lamba 9 zuwa 13, da safar hannu ta fata, da riga mai dogon hannu ta auduga, da injin gurza, da maƙalai. Hayaƙin walda ba abin wasa ba ne: a 2017 hukumar binciken cutar kansa ta ƙasa da ƙasa, IARC, ta sanya shi cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar kansa. Yawancin fallen motocin zamani an lulluɓe shi da tutiya, hayaƙinta kuma na sa zazzaɓi da ciwon jiki, saboda haka ka goge ta daga bakin ɗinki, ka buɗe ƙofa, ka sa abin rufe hanci mai tace hayaƙin ƙarfe. Kada ka wanke wurin walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin zafi da hasken walda na mayar da shi iskar fosjin mai kisa.

Inda shawarata ta tsaya

Ban ga motarka ba, kuma tsatsar ƙasan ƙofa iri biyu ce. Idan fatar ƙofar ce, aikin koyo ne mai kyau. Idan kuwa sandar da ke ƙarƙashin ƙofa ce, ko tsatsar ta kusanci inda ake ɗaure bel ɗin kujera ko ƙafar mota, to wannan ɓangare ne da ke riƙe rai ranar hatsari, kuma sai wanda ya ƙware ya gani ya kuma duba aikinka. Motocin zamani suna da ƙarfe mai ƙarfi na musamman a ginshiƙan ƙofa, wanda zafin walda ke raunanawa, kuma masu ƙera su suna fayyace inda aka yarda a yanka da inda aka hana. Wasu motocin ma bodinsu alminiyam ne, kamar Audi A8 tun 1994 da Ford F-150 daga ƙirar 2015, kuma duk abin da na faɗa a sama na ƙarfe ne. Maganaɗisu zai gaya maka wanne kake da shi. Salansa kuwa, idan tsatsa ce ta tsaga ta, yawanci yanke ɓangaren a sa sabon bututu ya fi ɗinke tsagar. Idan ta ƙarfe marar tsatsa ce, wayar ƙarfe marar tsatsa take so.

Kafin ka taɓa motarka, ka samo tsohuwar ƙofa ko murfin inji da aka jefar, ka yanka shi gunduwa-gunduwa. Ka haɗa biyu baki da baki da tazarar da ba ta wuce kaurin waya ba, ka ɗiga a nan, ka tsallake santimita 2 ko 3 ka ɗiga a can, ka bari ya huce har ka iya taɓawa, sannan ka dawo ka cike tsakani. Sanya guntun jan ƙarfe a bayan ɗinki yana shanye zafi yana hana hudawa. Ka koyi kuma waldar rami, inda ake huda falle na sama da milimita 6 zuwa 8 a cike ramin ya kama na ƙasa, domin da ita ake maye gurbin ɗigon waldar da masana'anta ta haɗa fallen da shi. Duk wanda ka gama, ka juya bayansa ka ga ko zafi ya ratsa, sannan ka damƙe shi a matsi ka lanƙwasa da guduma. Idan ɗinkin ya ɓalle ya bar ƙarfe sumul, wutar ta yi kaɗan ko ka yi sauri. Idan ƙarfen ne ya yage a gefe ɗinkin yana nan, kuma ka maimaita hakan sau goma a jere, har da gwaji a tsaye da kuma a saman kai, to ka cire kafet ka fara da ramin da ke ƙarƙashin kujera.